An dakatar da fakin a layinmu ina Kano, janwe ya ɗauke motata: sanarwar kwana nawa doka ta wajabta?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a gabashin Landan, ina da famit ɗin fakin na mazauna unguwa da nake sabuntawa duk shekara. Na je gida Kano bikin ƙanwata, na yi mako uku. Ranar da zan tafi na ajiye motata a layinmu, babu allo babu wata sanarwa a wurin. Da na dawo sai na tarar babu mota. Ashe an dakatar da fakin a wurin saboda masu gyaran bututun ruwa, aka manna mini tikiti, janwe ya ɗauke ta. Sai da na biya sama da fam 800 kafin a ba ni motata. Wani abokina ya ce doka ta wajabta musu ba da sanarwar kwana bakwai, kuma dole su aiko wasiƙa gida. Gaskiya ne? Zan iya karɓo kuɗina?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a auren, abin da ka rasa kuma Allah ya mayar maka da alheri. Tambayarka ta kasu biyu: ko akwai adadin kwanakin da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma, wato kansil, kafin ta rufe gurbin fakin na masu famit, da kuma ko mutumin da ya ajiye motarsa tun kafin a kafa allo yana da abin faɗa. Amsar ta farko ba za ta yi maka daɗi ba. Babu wata dokar ƙasa a Ingila da ta ce kwana bakwai, ko uku, ko goma, kuma babu wadda ta tilasta aiko wasiƙa gida. Amsar ta biyu ta fi sauƙi a kunne: kana da abin faɗa, sai dai ba ta ƙofar da abokinka ya nuna maka ba. Na yi aiki a ofishin fakin na wata kansil a Landan, daga baya kuma na sha taya 'yan'uwa rubuta irin wannan ƙorafi, don haka zan gaya maka yadda abin yake daga ciki.

Inda ikon dakatarwar ya fito

Tushen maganar dokar zirga-zirgar hanya ce ta 1984. Ita ta ba kowace kansil ikon ware guraben fakin a gefen titi, kuma sashe na 49 ya ba ta damar rubuta wa kanta, a cikin odar titunanta, wato rubutacciyar ƙa'idar da take kafa wa titunan yankinta, lokuta da dalilan da za ta iya dakatar da amfani da gurbi. Saboda haka dalilan dakatarwa a odar kansil ɗinku suke, ba a dokar ƙasa ba. Galibi iri ɗaya ne ko'ina: mai tashi daga gida yana son wurin da babbar mota za ta tsaya, magina za su ajiye kwandon shara ko su kafa ƙarafan hawa, masu ruwa ko gas za su haƙa titi, za a sassabe bishiya, za a ɗauki fim, za a yi jana'iza, ko wani babban taro irin bikin Notting Hill na ƙarshen Agusta. Landan na da ƙananan hukumomi 32, ga kuma hukumar tsakiyar birni, kowacce da odarta da tsarinta. Manyan hanyoyi masu jan layi kuwa hukumar sufuri ta TfL ce ke riƙe da su.

Sai famit ɗin kansa. Mutanenmu da yawa suna ɗauka tunda sun biya kuɗin shekara, gurbin ƙofar gida ya zama nasu. Ba haka ba ne. Famit kamar tikitin shiga kasuwa ne, ba rumfa aka sayar maka ba. Ka buɗe sharuɗɗan da ka amince da su ranar da ka saya, kusan tabbas za ka ga an rubuta cewa ana iya dakatar da gurbi a kowane lokaci, kuma alhakin mai mota ne ya riƙa leƙa motarsa yana duba alluna. Da wannan layin za su fara amsa maka, gara ka san da shi tun yanzu.

Maganar kwana bakwai

Abokinka bai ƙirƙiri lambar ba, ya dai ajiye ta a inda ba wurinta ba. Akwai wata hanya daban da kansil ke bi idan za ta rufe titi ko ta hana tsayawa na wucin gadi a ƙarƙashin sashe na 14 na wannan doka ta 1984. Irin wannan oda tana iya kai wata 18, kuma ƙa'idojin 1992 sun ce a buga sanarwar niyya a jaridar yankin aƙalla kwana bakwai kafin a yi ta. A ganina daga nan maganar ta samo asali, ta haɗu da cewa wasu kansil ɗin da kansu sun zaɓi kwana bakwai a matsayin tsarinsu, sai ta zama abin da ake faɗa a majalisa kamar doka. Dakatar da gurbi biyu ko uku don masu gyaran bututu ba ya bin wannan hanya.

Abin da ke akwai shi ne tsarin da kowace kansil ta wallafa. Wasu suna alkawarin kwana uku na aiki, wasu biyar, wasu bakwai, wasu kuma sukan ƙara idan layin na masu famit ne. Kusan dukkansu sun bar wa kansu ƙofa ta gaggawa: idan gas na yoyo ko bututu ya fashe, yau za a kafa allo yau a fara haƙa. Wannan alkawari ba dokar ƙasa ba ne, amma kada ka raina shi. Hukumar da ta rubuta a shafinta cewa za ta ba da kwana biyar, ta zo ta ba da biyu ba tare da gaggawa ba, ta shiga tsaka mai wuya a gaban alƙalin da ke sauraron ɗaukaka ƙara kan tikitin fakin. Ban da haka, akwai nauyin da ƙa'ida ta 18 ta ƙa'idojin odar hanya na 1996 ta ɗora mata na kafa allunan da za su ba masu amfani da hanya isasshen bayani. Tunda ba a yanke adadi ba, ma'aunin ya koma kan hankali: shin sanarwar ta isa mai lura da motarsa ya gani ya janye?

Abin da ke faruwa ranar kafa allo

Nan ne shari'arka za ta tsaya ko ta faɗi, don haka bari in ɗan daɗe a kai. Idan an amince da buƙatar dakatarwa, ana tura ma'aikaci da allo mai ruwan ɗorawa. Ya ɗaure shi a jikin turken fitila ko turken allon famit, da kwanan watan farawa da na gamawa, da awanni, da dalili, da bayanin wurin, misali daga ƙofar gida mai lamba kaza zuwa mai lamba kaza, ko gurbi uku. Ya ɗauki hoton allon a inda ya ɗaure shi, hoton na ɗauke da rana da lokaci. Sannan, a kansil ɗin da ke aiki yadda ya kamata, ya bi guraben da abin ya shafa ya rubuta lambar kowace motar da ya tarar. Wasu har sukan lura da inda bakin iskar taya yake fuskanta, domin idan an dawo ranar aiki aka ga yana nan inda yake, an san motar ba ta motsa ba.

Wannan jerin lambobi shi ne abin da kake nema. Idan lambar motarka na ciki, hukumar da hannunta ta rubuta shaidar cewa ka riga allon zuwa wurin. A ofishin da na yi aiki, motar da ke cikin jerin ba ma kai ta ma'ajiya. Janwe zai ɗaga ta ya sauke a gurbin famit mafi kusa, a sanar da TRACE, wato sashen da ke riƙe bayanan motocin da aka ɗauke a Landan, kuma idan mai ita ya rubuto da shaidar tafiya yawanci a soke tikitin. Ba kowace kansil ke yin haka ba, wasu ma ba su rubuta jerin kwata-kwata. Amma rashin rubutawar shi ma abin riƙewa ne, domin hukumar ce ke da nauyin nuna cewa an yi laifin, kuma ita ya kamata ta nuna ranar da allon ya hau turke.

Na ga takardu iri-iri a wannan gaɓa. Wani lokaci hoton allon an ɗauke shi kusa-kusa, ba a ganin gida ba a ganin titi, ba yadda za a yi a san a wane turke yake. Wani lokaci an ɗaga ranar aikin, aka zo aka liƙa sabon kwanan wata a kan tsohon ana jajibiri. Akwai kuma allon da ya ce daga gida mai lamba 14 zuwa 18, mota kuwa tana ƙofar lamba 20. Kowanne cikin waɗannan ya isa ya rusa tikiti, kuma ba wanda zai nuna maka su sai ka nemi takardun ka zauna ka duba da kanka.

Yanzu ga ɓangaren da ba ya bayanka. Mako uku ka yi. Idan takardunsu suka nuna an kafa allon kwana bakwai kafin ranar aiki, daidai da tsarinsu, alƙalai da yawa za su ce an yi laifin, ko da ba ka gani ba. Hujjarsu ita ce titi ba gareji ba ne, wanda zai yi doguwar tafiya shi ya kamata ya bar wa wani amanar motar. Laifin fakin ba ya buƙatar niyya. Tafiyarka a wurinsu uzuri ce, ba kariya ba, kuma alƙali ba shi da ikon soke tikiti don uzuri kaɗai. Iyakarsa, idan ya ga dalilin ya yi ƙarfi sosai, ya ba kansil shawarar ta sake tunani. Akwai alƙalan da suka fi sassauci, musamman idan sanarwar gajera ce, amma hukuncin wani ba ya ɗaure wani. Shi ya sa ba na yi wa kowa alkawarin nasara a irin wannan.

Allon kansa

Da akwai lokacin da wannan ce babbar ƙofa. A 2010 wani alƙalin ɗaukaka ƙara ya soke tikitin da kansil ɗin Camden ta bayar saboda allon dakatarwar ba shi cikin allunan da doka ta tsara, kuma ma'aikatar sufuri ba ta ba da izinin amfani da shi ba. A 2013 binciken BBC ya nuna cewa tikiti kusan 350,000, na kimanin fam miliyan 23, mai yiwuwa an bayar da su ne a Landan da alluna marasa izini. Bayan wannan tonon silili hukumomin sun gyara takardunsu, kuma a yau da wuya ka ci shari'a da wannan kaɗai. Ka tambaya a layi ɗaya, kada ka gina ƙorafinka a kai. Abin da ya fi amfani shi ne ko allon na karantuwa, ko yana kusa da gurbin, ko bayaninsa ya dace da inda motarka take.

Tara daban, janwe daban

Ka duba tikitin, za ka ga lambar laifi 21, ita ce ta fakin a gurbin da aka dakatar, kuma tana cikin laifukan fakin masu tara mafi tsada. Tun daga 7 ga Afrilu 2025 tararta a Landan fam 160 ce a yankuna masu tsada, fam 140 a sauran, ana rage rabi idan an biya cikin kwana 14. Kuɗin janwe fam 280, kwanan mota a ma'ajiya kuma fam 55 kowace rana. Ka ga ke nan yawancin fam 800 ɗinka ba tara ba ce, kuɗin ɗauka ne da na kwana.

Wannan ya sa nake so ka raba ƙorafinka gida biyu. Ko da an ce tikitin ya halatta, ɗauke motar zuwa ma'ajiya mataki ne na daban da ke buƙatar nasa dalilin. Jagorar da gwamnati ta ba ƙananan hukumomi a ƙarƙashin dokar kula da zirga-zirga ta 2004 ta ce a ɗauke mota ne kawai inda yin hakan ke da amfani a fili ga tafiyar da hanya. Masu haƙa bututu na buƙatar wurin, wannan ba gardama. Amma me ya hana a matsar da motar zuwa gurbi na gaba? Famit ɗinka na cikin kwamfutarsu, sun san motar ɗan unguwa ce, da adireshinka da imel ɗinka a hannunsu. Ka tambaye su kai tsaye: shin kuna da tsarin matsarwa, kuma me ya sa ba a bi shi ba? Ka kuma tambaya ko an yi aikin a ranar. Na ga inda aka ɗauke mota da safe, masu aikin ba su zo ba sai bayan kwana biyu. Alƙalai sun sha karɓar hujjar cewa ɗaukewar ta wuce kima, su ba da umarnin mayar da kuɗin janwe da na kwana ko da tikitin ya tsaya. A lissafinka wannan ne kaso mafi tsoka.

Yadda za ka bi

Biyan da ka yi bai rufe maka ƙofa ba. A tikitin da aka manna kawai, biya yakan kashe magana. Amma wanda aka ɗauke wa mota dole ya biya kafin a sake ta, don haka doka ta ba shi damar ƙorafi bayan biya. A ma'ajiyar ya kamata sun ba ka takardar da ke bayyana wannan haƙƙi. Idan ba su ba ka ba, ka rubuta hakan, domin kuskure ne a bin ƙa'ida, kuma yana cikin dalilan da ake soke tikiti da su.

Kana da kwana 28 daga ranar da aka ba ka wannan takarda ka aika ƙorafi a rubuce. Kada ka wuce. Ka haɗa da tikitin jirgi da hatimin shiga da fita na fasfo, da kwafin famit, da rasiɗin abin da ka biya. Idan wani maƙwabci ya ga ranar da aka kafa allon, ya rubuta layi biyu ya sa hannu. Idan akwai kyamarar ƙofa a gidanka ko na maƙwabta da ke nuna motar a wurin, ka ciro hoton kafin ya goge. A cikin wasiƙar ka nemi takardar buƙatar dakatarwar da ranar da aka shigar da ita, da ranar da lokacin kafa allo, da hotunansa, da jerin motocin da aka tarar, da sashen odar da ya ba su ikon, da rubutaccen tsarinsu na sanarwa da na matsar da mota. Kana iya neman waɗannan ta dokar 'yancin samun bayanai ta 2000, amma ita tana ba su kwana 20 na aiki, wanda zai iya cinye wa'adinka. Ka tura ƙorafin tukuna, neman bayanan ya bi ta gefe.

Wasiƙar ta zama gajera, a jere da kwanan wata: ranar da na ajiye, ranar da na tashi, ranar da aka ɗauke, ranar da na dawo. Ban da zagi, ban da labarin shekarun da ka yi kana biyan haraji. Ma'aikacin da zai karanta yana da tarin irinta a gabansa, abin da yake nema shi ne dalilin da zai rubuta a fayil idan ya soke. Ka miƙa masa shi a sakin layi na farko.

Kansil na da kwana 56 ta amsa. Idan ta wuce ba ta amsa ba, doka ta ɗauka ta amince, sai ta mayar maka da kuɗinka. Idan ta ƙi, za ta aiko takardar ƙin amincewa da bayanin ɗaukaka ƙara, kana da wasu kwana 28 ka kai maganar London Tribunals, wato hukumar da ke sauraron ɗaukaka ƙara kan tikitin fakin a Landan. Kyauta ne, alƙalan lauyoyi ne masu zaman kansu, ba ma'aikatan kansil ba, kuma ana iya yi ta takarda ko ta waya ko ta bidiyo. Shawarata ka zaɓi a saurare ka da baki, domin alƙali ya ji daga gare ka yakan fi takarda tasiri a inda magana ta rataya kan wa za a gaskata. Tunda ka riga ka biya komai, ba abin da zai ƙaru a kanka don ka ɗaukaka ƙara, in dai ba ƙarar wasa ka kai ba. A wannan mataki ne kuma dole kansil ta kawo hujjojinta, kuma ba sau ɗaya ba na ga ta janye da ta duba fayil ta ga babu hoton kafa allo. Masu karatu da ke wajen Landan, a sauran Ingila da Wales, wurinku Traffic Penalty Tribunal ne, kuɗin tara ma ya fi sauƙi. Scotland da Ireland ta Arewa tsarinsu daban.

Duk abin da na faɗa bisa labarinka ne, ban ga tikitin ba, ban ga odar kansil ɗinku ba, kuma ni ba lauyanka ba ne. Idan takardun suka fito suka nuna gaggawa ce ta gaske, bututu ya fashe aka kafa allo a ranar, hujjarka ta fi ƙarfi, don ba mai hankalin da zai ce ka ga sanarwar da ba a bayar ba. Idan sun nuna cikakken mako da hotuna masu kyau, to ka mayar da ƙarfinka kan kuɗin janwe da na kwana.

Tafiya ta gaba

Mu da muke zuwa gida mu yi wata guda, ko aikin Hajji, wannan matsala tana jiranmu duk shekara. Ka bar makulli wurin wanda inshorarsa ta ba shi damar tuƙa motar, ya riƙa leƙawa duk bayan kwana biyu ko uku, ba sau ɗaya a mako ba. Ka duba ko kansil ɗinku na tura sanarwar dakatarwa ta imel ko saƙon waya, da yawa suna yi, sai dai sai ka yi rajista da kanka, kuma rashin zuwan saƙon ba ya zama kariya. Ranar tafiya ka ɗauki hoton motar da turakun da ke kusa da ita, yadda za a ga lambar gida. Ka tabbatar adireshin da ke takardar motarka a DVLA, wato hukumar rajistar motoci, shi ne inda kake zaune yanzu, domin can duk wasiƙun za su tafi. In kuwa tafiyar za ta haura wata, ka nemi ɗan'uwa mai fili a harabar gidansa, ko ka biya wurin ajiya, kuɗin ba zai kai na kwana biyar a ma'ajiyar kansil ba a mafi yawan unguwanni.